Me ya sa aka bar ƙanena yana ihu aka shiga da wanda ya zo bayansa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ne ya aiko daga Figil, a arewacin Kamaru. Motar hayar da ƙanensa ke ciki ta yi taho-mu-gama da babbar mota a hanyar Garwa zuwa Marwa. Yaron ya karye a ƙwauri, kuma yana cikin waɗanda aka fara kaiwa asibiti a kan babur. Yana kwance yana ihu sai aka shigo da wani saurayi, ko ɗigon jini babu a jikinsa, ba ya ko magana, amma ma'aikata suka rufu a kansa suka wuce da shi ɗakin tiyata. Ƙanen nasa ya yi kusan awa biyu kafin a waiwaye shi. Yana tambaya: kuɗi ne, ko sanayya, ko kuwa akwai wani dalili?

Amsa: Malam, sannu da wannan jarrabawa. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya kiyaye gaba.

Akwai dalili, kuma yadda ka zayyana abin ya yi daidai da aikin da ake fara koya wa duk wanda zai tsaya a sashen gaggawa, wato tantance masu rauni. Wurin nan ba layin injin niƙa ba ne, inda wanda ya riga ajiye kwanonsa shi ake fara sallama. Idan mutum biyar suka shigo, mu kuma mu biyu ne, abin da muke tambayar kanmu shi ne: wa zai mutu nan da minti goma in ba a taɓa shi ba, wa zai kai awa ɗaya, wa zai kai gobe ko da yana shan azaba? Duk da haka akwai inda ƙorafinka yake da ƙafar tsayawa, zan zo wurin.

Ihun da ya tayar maka da hankali, shi ne ya kwantar da na ma'aikacin da ya dube shi. Mutumin da ke kururuwa yana kiran sunan yayansa ya riga ya ba mu amsa uku ba mu tambaya ba: maƙogwaronsa a buɗe yake, huhunsa na jan iska, jini kuma na kaiwa ƙwaƙwalwarsa har ya san inda yake. Wanda muke tsoro shi ne na gefe, wanda ya jingina da bango ya yi tsit, gumi mai sanyi na karyo masa, in ya buɗe baki ruwa kawai yake roƙo. Shiru ma magana ce, kuma a wurinmu ita ce mafi muni.

Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Ƙashin cinya ɗaya in ya karye, lita 1 zuwa 1.5 na iya malalewa cikin naman cinyar ba a ga komai a waje ba. Karayar ƙugu ta fi haka. Ciki da ƙirji kuwa sukan riƙe jinin da ya isa ya kashe mutum alhali rigarsa fes. A yankinmu akwai ƙari: zazzaɓin cizon sauro da ke dawowa shekara da shekaru yakan kumbura saifa, kumburarriyar saifa kuma ba ta buƙatar duka mai yawa kafin ta fashe. Ƙarfen kan babur ya daki mutum ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, har ya taya a ɗaga wasu, bayan awa ɗaya ya yanke jiki ya faɗi.

Abin da ke yaudarar mutane, har da sababbin ma'aikata, shi ne jikin matashi ya iya ɓoye asara. Jijiyoyin jininsa su tsuke, zuciya ta ƙara gudu, sai tansiyo, wato awon ƙarfin jini, ya tsaya cak kamar lafiya lau har sai kusan kashi ɗaya cikin uku na jinin ya tafi. In aka jira awon ya faɗi, an makara. Shi ya sa muke taɓa hannu mu ji ko ya yi sanyi, mu janye fatar ido ta ƙasa mu ga ko ta yi fari, tunda a baƙar fata ba a saurin gane koɗewar fuska, sannan mu ƙirga bugun jini. Akwai ɗan lissafin da nake so kowane ma'aikacin jinya ya haddace: in bugun zuciya a minti ɗaya ya zarce lambar sama ta tansiyo, misali bugu 120, tansiyo kuma 100 (abin da muke rubutawa 10 a takardunmu), to a ɗauka jini na zuba a wani wuri har sai an tabbatar ba haka ba ne. Ina kyautata zaton irin wannan suka gani a jikin saurayin da aka wuce da shi.

Jerin da muke bi wajen duba mai rauni ba ya canzawa, an tsara shi ne gwargwadon abin da ya fi saurin kisa. Jinin da ke tsartuwa waje, a fara tsayar da shi. Sai hanyar iska: harshen da ya koma baya, amai, gudan jini ko karyayyen haƙori a maƙogwaro, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da minti huɗu ko biyar. Sai numfashi, inda haƙarƙari kan huda huhu iska ta taru a ƙirji tana matse zuciya, allura ɗaya ko ɗan tiyo a ƙirji ne ke raba mutumin da kabari. Sai zagayawar jini, sai kai da laka. Daga ƙarshe a tuɓe mutum a juya shi a duba bayansa, abin da ya sa kake ganin muna sa wa sabuwar shadda almakashi dangi na harararmu. Karayar ƙwauri, duk da zafinta, a wutsiyar jerin take. A Amurka aka fara koyar da wannan tsari a 1978, bayan wani likitan ƙashi mai suna James Styner ya faɗi da ƙaramin jirginsa a Nebraska a 1976, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka ji rauni, ya ga da idonsa yadda ƙaramin asibitin karkara ya rasa ta inda zai fara.

Bayan dubawar farko, wadda bai kamata ta wuce minti ɗaya ko biyu ba, sai a ba mutum launi. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Red Cross da ƙungiyar likitocin MSF launi uku ne: ja na nan take, rawaya na nan ba da jimawa ba, kore na wanda zai iya jira. Na Afirka ta Kudu ya ƙara ruwan lemo a tsakani, ya kuma yanka lokaci: ja yanzu-yanzu, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore cikin awa 4. Mu da muka yi karatu a tsarin Faransa, a Kamaru da Cadi, za ka fi jin muna cewa UA da UR, na farko wanda ba ya jira, na biyu wanda zai ɗan iya.

Ƙanenka, in ƙashin bai huda fata ba, ƙafar da ɗuminta, ana jin bugun jini a saman tafinta, rawaya ne. In ƙashin ya leƙo waje, ya hau sama, domin yana buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ta farko, da rigakafin tetanus, da wanki a ɗakin tiyata. In ƙafar ta yi sanyi ko ta mutu, ko ƙwaurin ya kumbura ya yi tauri, zafin na ƙaruwa duk da magani, to ƙafar ce ke shirin tafiya, awoyi kaɗan suka rage. A nan nake roƙon dangi: kada gajiya da jira ta sa ku ɗauke shi ku kai wa mai ɗori. Ɗaurin kara mai tsanani a kan ƙafar da ke kan kumbura ya jawo yanke ƙafafu da hannuwan yara da yawa a arewacin nan.

Yanzu ga inda kake da gaskiya. Sa mutum a rawaya ba ya nufin a manta da shi. Kamata ya yi tun shigowarsa wani ya taɓa ƙafar, ya ɗaure ta da katako ko kwali don ta daina motsi, ya yi masa allurar rage zafi, ya gaya maka a jimla biyu dalilin jiran. Duk wannan minti biyar ne. Kuma tantancewa ba sau ɗaya ake yin ta ba; dole a riƙa zagayowa, domin rawayan ƙarfe uku yana iya zama jan ƙarfe uku da rabi. In awa biyun nan babu wanda ya leƙa shi ko ya yi maka magana, to an yi sakaci, ko da zaɓin wanda za a fara shiga da shi daidai ne.

Maganar kuɗi da sanayya kuwa, ba zan rantse maka cewa ba ta faruwa ba. Amma ga yadda ake gane ta: in ka ga an bar mai karaya an rufu a kan babban mutum mai ƙujewa a gwiwa, wannan ce sanayya. In an bar shi ne saboda wanda ke numfashi sama-sama, wannan aiki ne. A 2016 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta ba da umarni cewa wanda rayuwarsa ke cikin haɗari a fara cetonsa kafin a yi zancen biya, kuma kana da haƙƙin tambaya cikin ladabi: a wane aji aka sa shi, kuma me ya sa? Ƙa'idar ma ta girmi asibitocinmu duka. Dominique Larrey, likitan tiyatar rundunar Napoleon, sama da shekara 200 da suka wuce ya kafa cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi ake fara dubawa, ba a kallon igiyar kafaɗarsa, ko da sojan abokan gaba ne.

Ka ce ƙanenka na cikin na farko da suka iso. Wannan ma yana da bayani. A duk babban haɗari, waɗanda suka fara isowa asibiti su ne masu sauƙin rauni, domin su ne ke iya hawa babur ko a tallabe su. Masu tsanani suna can ƙarƙashin ƙarfe, ko ana neman motar da za ta ɗauke su a kwance, sai daga baya su iso. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya cika gadaje da ɗakin tiyata da zubin farko. Yana tanadin hannu da jini saboda na biyu.

In masu rauni suka fi ƙarfin ma'aikata nesa ba kusa ba, lissafin yakan ƙara ɗaci. Marwa ta ga irin wannan rana a 22 da 25 ga Yulin 2015 lokacin hare-haren ƙunar baƙin wake, Njamena ta gani a 15 ga Yunin shekarar, Eseka kuma a 21 ga Oktoban 2016 da jirgin ƙasa ya kauce, mutum 79 suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni. Tsarin da ya fi yaɗuwa don irin wannan, START, a Kaliforniya aka ƙirƙiro shi a 1983, kuma ba ya buƙatar na'ura ko ɗaya. Ka ɗaga murya ka ce duk mai iya tafiya ya koma gindin waccan bishiyar; waɗanda suka tashi kore ne, a yanzu dai. Sai ka bi waɗanda ba su motsa ba, kowa ƙasa da minti ɗaya. Mai numfashi fiye da 30 a minti, ja. Wanda ba a jin bugun jini a wuyan hannunsa, ko ka danna farcensa jan bai dawo ba cikin daƙiƙa 2, ja. Wanda ka ce ya matse hannunka bai fahimta ba, ja. Sauran rawaya. Wanda ba ya numfashi, ka gyara masa kai ka buɗe hanyar iska. In numfashi ya dawo, ja ne, in bai dawo ba, baƙi ne, launin wanda aka fid da rai da shi, ka wuce. Wannan wucewa ita ce mafi nauyi a aikinmu. A ranar da shi kaɗai ne gare mu za mu yi rabin awa a kansa, amma a ranar mutum talatin, rabin awan nan ran mutum uku ne da za a iya ceta. Ƙaramin yaro ne kawai ake yi wa togaciya: in zuciyarsa na bugawa, a hura masa iska sau 5 kafin a yanke hukunci, domin yara galibi numfashi ne ke fara tsaya musu.

Ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta yarda a yi kuskuren ɗaukar mai sauƙi a matsayin mai tsanani har kashi 25 zuwa 35 cikin 100, amma raina mai tsanani kada ya wuce kashi 5. A ranar yau da kullum na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. A ranar babban haɗari, a asibitin gunduma mai ɗakin tiyata ɗaya, yawan rabon jan launi ma kisa ne, domin in kowa ja ne, to babu ja.

Akwai kuma waɗanda ke tsallake mana ido. Wanda kansa ya bugu ya suma ya farfaɗo yana hira, jini na iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kansa. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, duk alamun ya koma ja ne. Muna auna hankali da ma'aunin Glasgow na 1974, daga 3 zuwa 15, wanda ya sauka 8 ko ƙasa ba ya iya kare maƙogwaronsa. Ɗan acaɓar da ya sha tramol ko wanda ya sha giyar bilbil ba ya jin zafin da ya kamata ya ji, kuma kuskure ne babba a ɗora maganar da yake yi ba kan gado a kan maye alhali kansa ne ya bugu. Yaro mai kilo 10 jininsa duka bai wuce mililita 800 ba, abin da babba zai zubar ya tashi ya tafi shi yaron ya gama da shi. Mai tsohon ciki a kwantar da ita ta karkata hagu, don kada nauyin cikin ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Tsoho kuma a ƙara masa mataki ɗaya a kan abin da ido ya gani.

Gaskiyar yankinmu ita ce tantancewar farko ba likita ke yin ta ba. 'Yan acaɓa ne, da direbobi, da mutanen ƙauyen bakin titi, da jandarmomi, su ke zaɓar wanda zai shiga motar farko, kuma galibi mai ihu suke zaɓa. In ka tsinci kanka a wurin, ka fara sa a zuba rassan itace a titi daga nesa ta kowane ɓangare, a kashe injina, a hana sigari, musamman in akwai jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu. A kira 'yan kwana-kwana, 118 a Kamaru. Jini mai zuba, a danna shi da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki. In hannu ne ko ƙafa kuma dannawa ta gaza, a ɗaure sama da raunin da kyalle mai faɗin yatsu uku, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kada a kwance sai a asibiti; waya da siririyar igiya ba sa cikin lissafi. Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, mutum ɗaya na riƙe da kansa daidai da jikinsa. Mai ciwon ƙugu, a naɗe shi da zani tamau daidai inda ƙashin cinya ke haɗuwa da ƙugu, ba a kan cibiya ba, a haɗe ƙafafunsa.

Abu biyu ne nake yaƙi da su kullum. Na ɗaya ruwa: kada a ba mai rauni ya sha komai duk roƙonsa, domin in za a sa shi barci a tiyata abin cikinsa na iya komawa huhu, kada kuma a kwara wa sumamme ruwa, jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau, a lulluɓe shi ko da zafin Marwa ake yi, balle daren hunturu. Na biyu, sa sumammen mutum tsakanin mutum biyu a kan babur wuyansa na lilo. Karayar wuyan da da ta warke, a nan take zama shanyewar jiki har abada. A nemo ƙyauren ɗaki ko katako, a sa shi a bayan akori-kura.

Sai inda za a kai shi, wanda shi ma rabin tantancewar ne. Tsakanin Garwa da Marwa tafiyar kusan kilomita 200 ce, kuma yawancin abin da ke bakin hanya ƙananan cibiyoyin lafiya ne da ba su da ɗakin tiyata ko ma'ajiyar jini. Mai toshewar maƙogwaro ko jinin waje da ya ƙi tsayawa, a tsaya a mafi kusa a gyara wannan cikin 'yan mintuna a wuce. Mai zubar jinin ciki kuwa ƙarin ruwa ba ya ɗinke saifa. Leda bayan leda sai ta tsinka masa ɗan jinin da ya rage. Wurin da ke da likitan tiyata da jini ake nufa da shi kai tsaye, a buga waya tun daga hanya, a kuma ɗebo 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya da za su ba da jini, domin ma'ajiyar jini a asibitocinmu ba kullum take cike ba. Masu rawaya da kore, in da hali a raba su zuwa wani asibitin, kada a jibge kowa a ƙofa ɗaya.

Abin da nake so in gani a kowace cibiyar lafiya daga Ngaundere zuwa Kusseri shi ne allurar tranexamic, wadda aka fi sani da Exacyl a kantunan maganinmu. Binciken CRASH-2 na 2010, a kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna tana rage mutuwar masu zubar jini: giram 1 a jijiya cikin minti 10, sai wani giram 1 cikin awa 8. Sharaɗinta lokaci ne. Cikin awa 3 na farko take amfani, bayan nan tana iya cutarwa. Shi ya sa in kun iso ƙofar asibiti, mutum ɗaya ya yi magana, ya fara da ƙarfe nawa haɗarin ya faru, sannan yadda ya faru, ko mutumin ya suma, ko ya yi amai, jini nawa aka bari a titi, da lokacin da aka ɗaure ƙafa in an ɗaure. In kuma kuna zaune kuna jira sai mai ihu ya yi shiru, ko ya fara rikicewa, ko numfashinsa ya ƙaru, ko cikinsa ya fara tasowa, ko hannunsa ya yi sanyi, kada ka jira layi. Ka je ka taɓa ma'aikacin jinya ka gaya masa abin da ya canza.